Injuna Ma Suna Magana: Haɗa Sadarwa Tsakanin Na'urorin PLC a Masana'anta

Laccar da aka gabatar wa ɗaliban fannin lantarki da ma'aikatan gyaran injuna

 



Gabatarwa

Shekarun baya an kira ni wata masana'antar sarrafa shinkafa. Lokacin kaka ne, tireloli cike da shanshera sun yi layi a bakin ƙofa. Inbatar da ke juya moton da ke ɗaga shinkafa zuwa rumbu ce ta ƙone. Sun sayo sabuwa, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, mai gyaransu ya ɗaura ta tsaf: wayoyin wuta uku, na moto uku, da wasu siraran wayoyi biyu na sadarwa. Aka kunna, fuskar inbata ta kawo haske, amma moto ko motsi. Allon ɗakin sarrafawa kuwa jan rubutu kawai yake nunawa. Kwana uku ana haka. Leburori na zaune a gindin darbejiya, direbobi na tambayar yaushe za a sauke musu kaya, manaja yana ta waya da kamfanin da ya kafa injin, har an fara lissafin kuɗin jirgi da masaukin wanda za a turo daga ƙasar waje.

Da muka buɗe shirin da ke cikin PLC, sai muka ga tana kiran wannan inbata da lamba 7, da gudun magana 9600. Sabuwar kuwa tana nan yadda ta fito daga kwali: lamba 1, gudun 19200. Mai gyaran da kansa ya danna maɓallan ya sauya su. Ba a yi minti goma ba moto ya tashi.

Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne, wannan mutum gwani ne, yana gane moton da zai ƙone daga jin ƙararsa. Ba a taɓa gaya masa cewa inbata tana da adireshi ba, kuma duk faɗin masana'antar babu takarda ɗaya da aka rubuta lambar a kai. Domin irinsa na shirya wannan lacca. Abin da zan faɗa ɗaya ne: sadarwa tsakanin injuna yarjejeniya ce a kan abu huɗu, wato hanya, adireshi, harshe da ma'ana. Yarjejeniyar da ba a rubuta ba kuwa, ranar da mai ita ya tafi, ta bi shi.

Ina PLC ta fito?

PLC wata 'yar kwamfuta ce mai jure zafi da ƙura da girgiza, ana maƙala ta a cikin fanel. Aikinta zagaye ne: ta duba abin da na'urorin awo suka kawo, ta bi shirin da aka rubuta mata daga sama har ƙasa, ta ba moto da bawul umarni, ta koma farko. Kafin ka ƙifta ido ta yi zagaye da yawa.

Kafin zuwanta, da ɗaruruwan rile ake sarrafa layin aiki, duk lokacin da aka sauya samfurin kaya sai an kwance wayoyi an sake ɗaurawa. A 1968 kamfanin General Motors na Amurka ya nemi abin da zai raba shi da wannan wahala. Dick Morley da abokan aikinsa na Bedford Associates suka ƙera na'urar da aka kira Modicon 084. A 1979 kuma kamfanin Modicon ya fito da Modbus, domin na'urorinsa su riƙa magana da juna.

Dalilin buƙatar maganar a fili yake. A da, kowace na'urar awo da wayoyinta biyu har zuwa fanel. Ku auna masana'antar siminti irin ta Ashaka ko Kalambaina ko Malbaza, ko matatar ruwa irin ta Tamburawa: dubban saƙonni, kowanne da wayarsa. Da sadarwa, kebul ɗaya ya ɗauki saƙon na'urori da yawa, har inbata ta iya faɗin wutar da take ja da dalilin tsayawarta.

Na farko: hanya

A abin da na gani a wurin aiki, matsalar sadarwa ta fi yawa a waya, amma mutane sun fi saurin zargin shirin kwamfuta. Saboda haka daga waya za mu fara.

Hanyoyi biyu za ku fi cin karo da su. Ta farko RS-485, wayoyi biyu murɗaɗɗu da juna a cikin rigar ƙarfe. Mai karɓar saƙo bambancin wutar da ke tsakanin wayoyin biyu yake dubawa, shi ya sa hayaniyar lantarki da ta faɗa musu tare ba ta cika ɓata saƙo ba. Tana kaiwa kimanin mita 1200 in ba a matsa gudu ba, kuma a ƙa'idarta ta asali na'urori 32 take ɗauka a reshe ɗaya.

Tana da dokoki uku. Ɗaya, a jera na'urorin kamar carbi: kebul ya shiga wannan, ya fita zuwa waccan, har ƙarshe. Kada a tara su a wuri ɗaya a yi musu rassa kamar tafin kaza. Biyu, a sa rezista mai om 120 a farkon layi da ƙarshensa, nan biyu kaɗai. Saƙon lantarki in ya kai ƙarshen waya bai sami abin da zai shanye shi ba, dawowa yake yi kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya, ya yi karo da saƙon da ke biye da shi. Ga gwajin da kowa zai iya: kashe wuta, ɗora mita a kan wayoyin biyu. In ka ga kusan 60, rezista biyu suna nan. In ka ga 120, ɗaya ta ɓace. In ka ga 40, wani ya ƙara ta uku a tsakiya. Uku, kada ka amince da harafin A da B da ke jikin na'ura, domin kamfanoni sun saɓa a kan wace ce A. Duba alamar tarawa da ta ɗebewa a littafin kowace na'ura. In komai ya yi daidai amma shiru, musanya wayoyin biyu. Wannan ba ya ƙona komai.

Profibus, mai kebul launin shuni da kuke gani a fanel ɗin Siemens, ita ma a kan RS-485 aka gina ta, sai dai rezistocinta na cikin kan fulogi, da ɗan maɓallin kunnawa. Tana kai gudun bit miliyan 12 a daƙiƙa, amma a wannan gudu mita 100 ne iyakarta. Ƙa'idar ke nan ko'ina: gudu ya ƙaru, nisa ya ragu.

Hanya ta biyu Ethernet, irin kebul ɗin da kuka sani a ofis. Iyakar na tagulla mita 100 daga na'ura zuwa suwic. Suwic ɗin ofis ba ya daɗewa a fanel; a nemi na masana'anta, mai aiki da wutar bolt 24, wanda ba shi da fankar da za ta zuƙo ƙura.

A nan ƙasarmu tana da nata sharuɗɗan. Ƙurar hunturu tana shiga ramukan suwic da ba a toshe ba. Zafin bazara yana mai da fanel tanda. Ɓera yana son rigar kebul, don haka a bi da shi ta cikin bututu. Da damina akwai tsawa: duk kebul ɗin da zai fita daga wannan gini zuwa wancan, a yi shi da zaren gilashi, wanda haske ke bi ta cikinsa, domin wutar aradu ba ta bin gilashi. Kebul ɗin sadarwa kada ya kwanta a kwalbati ɗaya da wayar da ta fito daga inbata zuwa moto. A ba su tazarar taƙi ko fiye, in dole su haɗu su gitta juna. Sannan sauyin wuta zuwa janareta: PLC takan farka kafin suwic ya gama shiri, ta nemi abokan maganarta ta rasa, ta tsai da layi. Ƙaramin batirin ajiyar wuta ga PLC da suwic yana maganin wannan.

Na biyu: adireshi

A Modbus ta RS-485, na'ura ɗaya ce ke tambaya, saura amsawa kawai suke yi, kamar malami yana kiran suna a aji. Kowace mai amsawa tana da lamba daga 1 zuwa 247. In biyu suka ɗauki lamba ɗaya, tare za su amsa, ba wanda za a ji. Bayan lamba, dole kowa a layin ya yi daidai a gudun magana, da kuma alamar tantance kuskure da ake kira fariti. Na'ura ɗaya ta saɓa a ɗaya daga cikin waɗannan, ta zama kurma. Abin da ya sami inbatarmu ke nan.

A Ethernet, adireshin IP ake bayarwa, lambobi huɗu da ɗigo a tsakani. Mu ce PLC tana 192.168.10.11, allon sarrafawa yana 192.168.10.21, abin da ke raba adireshin gida biyu kuma 255.255.255.0 ne. Ma'anarsa, lambobi ukun farko sunan unguwa ne, ta ƙarshe lambar gida. Unguwa irin wannan tana ɗaukar gidaje 254. In ka zo da kwamfutarka tana 192.168.1.5, ka soka kebul, fitilar suwic za ta kama, amma ba za ka ga PLC ba, domin a wata unguwa kake. Ɗalibai da yawa a nan suke kwana. Sauya adireshin kwamfutarka ya zama na unguwar, da lambar gidan da ba kowa a ciki, ka aika ping, ka ga amsa, sannan ka buɗe manhajar shirin.

A ofis, kwamfuta takan karɓi adireshi da kanta duk safiya, yau wannan gobe wancan. A masana'anta adireshi na dindindin ake bayarwa, a kuma tsara shi: daga 11 zuwa 19 na PLC, daga 21 zuwa 29 na alluna, daga 31 zuwa sama na inbata. Wanda ya ga lamba ya san mai ita. Ku ji tsoron adireshi ɗaya a na'ura biyu. Layi zai yi aiki da safe, ya yanke da rana, ya dawo da la'asar, a yi ta zargin kebul alhali kebul lafiyarsa ƙalau.

Masu aiki da Profinet, ku ƙara da wannan: da suna PLC ke neman na'urorinta, in ta same su ita ce ke ba su adireshin IP. Sabuwar na'ura daga kwali ba ta da suna. Sai an raɗa mata sunan tsohuwar, harafi da harafi, ta manhajar TIA Portal ko makamanciyarta, sai fa in tun farko an zana wa PLC taswirar wane rami ke haɗe da wane, to a nan ita za ta raɗa sunan da kanta.

Na uku: harshe

Ana iya zama unguwa ɗaya ba a jin yaren juna. Kebul ɗin Ethernet ɗaya ne, amma harsunan da ke bi ta cikinsa daban-daban ne. Siemens ta Jamus da Profinet ta fi magana. Allen-Bradley ta Amurka da EtherNet/IP. Mitsubishi ta Japan da CC-Link. Beckhoff da EtherCAT. Masana'antunmu na Sharaɗa da Bompai da Chalawa da Kakuri kuwa ba daga ƙasa ɗaya suke sayen injuna ba: wannan daga Jamus, wancan daga Indiya, na cika buhu daga Sin ko Turkiyya. Ranar da mai masana'anta ya ce yana son ganin komai a allo ɗaya, ranar ake gane an tara baƙi ba tafinta.

Mafita uku ce. Ko a sa na'urar tafinta, mai karɓar wannan harshe ta mayar da shi wancan. Ko a yi amfani da OPC UA, wadda aka tsara domin na'urorin kamfanoni daban-daban su miƙa bayanai ga kwamfutocin sama, kuma tana da kariya a jikinta. Ko a koma ga Modbus, wadda ta zama kamar Hausa a kasuwar Dawanau, kowa da yarensa amma da ita ake ciniki. Da tsohuwar zuma ake magani. Ƙa'idojinta a buɗe suke, ba a biyan ko sisi, kuma da wuya ka sami mitar wuta ko inbata ko na'urar sarrafa janareta da ba ta jin ta. Tana bin RS-485, tana kuma bin Ethernet ta ƙofa mai lamba 502.

Shawarata ga ɗalibi, ya fara da Modbus har ya iya karanta saƙonta da ido. Saƙon gajere ne: lambar wanda ake kira, lambar aiki, gurbin da za a fara, yawan gurabe, sai lambar tantancewa. Aiki na 3 karanta gurabe ne, na 6 rubuta gurbi ɗaya, na 16 rubuta da yawa. Wanda ya fahimci wannan, sauran harsunan ba za su gagare shi ba.

Ga masu sayen injuna kuma: tun kafin a biya kuɗi a tambayi harshen da injin ke ji, a sa shi cikin takardar ciniki.

Na huɗu: ma'ana

Saƙo ya iso lafiya, saura fassara. Na'ura lamba kawai take aikowa. In inbata ta aiko 5000, mai yiwuwa 50.00 take nufi, wato gudun wutar da take ba moto. In na'urar awon zafi ta aiko 253, mai yiwuwa digiri 25.3 ne. Littafinta ne zai faɗa.

Tarkuna biyu suna nan. Na farko, gurbin da littattafai da yawa ke kira 40001, a cikin saƙon da ke bin waya lambarsa 0 ce. Wanda bai lura ba zai karanta gurbin maƙwabci, ya sami lamba mai kama da gaskiya, ya ɗora ta a allo. Na biyu, gurbin Modbus bit 16 yake ɗauka, babbar lamba sai an raba ta gurbi biyu, kuma kamfanoni ba su daidaita a kan wane rabi ke gaba ba. In ka ga mitar wuta ta ba da lambar da hankali ba zai ɗauka ba, juya rabin biyu.

Gani ya kori ji. Kada ka sa hannu a takardar kammala aiki sai ka tsaya gaban na'urar, ka karanta abin da fuskarta ke nunawa, abokin aikinka yana ɗakin sarrafawa yana faɗa maka abin da allo ya nuna, gurbi bayan gurbi.

In magana ta yanke fa?

Za ta yanke wata rana, ko da ɓera ne sanadi. Tambayar da ake yi tun ranar zane ita ce: in famfo ya daina jin PLC, ya ci gaba ko ya tsaya? Famfon da ke cika tanki, tsayawa ta fi. Fankar da ke sanyaya abu mai zafi, wataƙila ci gaba ya fi. Kowace na'ura a yanke mata hukunci, a saita mata lokacin jira. Allo kuma ya nuna a fili cewa lambar da ke kansa tsohuwa ce, domin ma'aikacin da ke kallon awon minti goma da suka wuce yana zaton na yanzu ne yana cikin haɗari. Cire kebul da hannunka ranar gwaji, ka ga abin da zai faru. Maɓallin tsayawar gaggawa kuwa, kada ya dogara da sadarwa ta yau da kullum. A ja masa wayarsa, ko a bi da shi ta tsarin da aka gina musamman domin kare rai, irin PROFIsafe. Hannun mutum ne a cikin injin.

Tsaro

An tsara Modbus a zamanin da fanel ke kulle, waya ba ta fita daga gini. Ba ta tambayar kalmar sirri. Duk wanda ya iso layin ya ba da umarni, za a bi.

A 2010 aka gano Stuxnet, muguwar manhajar da ta shiga na'urorin Siemens a cibiyar nukiliya ta Natanz a Iran, tana sauya gudun injuna har suka lalace. Tana yaɗuwa ta filashin da ake sokawa a kwamfuta, don haka rashin intanet bai zama kariya ba. A Disamban 2015 maharan intanet suka kashe wa kimanin masu amfani da lantarki 225,000 wuta a Yukiren, har suka lalata na'urorin tafinta da ke haɗa tashoshi da ɗakin sarrafawa. A Nuwamban 2023 aka shiga PLC ta hukumar ruwan garin Aliquippa a Amurka. PLC ɗin ta kamfanin Unitronics ce. A lokacin irin waɗannan na'urori suna fitowa da kalmar sirri 1111, kuma wurare da yawa sun bar su a haka, a buɗe ga intanet.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A raba layin injuna da na ofis, a sa katangar tsaro a tsakani. A sauya kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita. A keɓe kwamfuta ɗaya domin aikin PLC, ba a saukar da fim da ita. In kamfanin da ya kafa inji ya bar modem mai layin waya a fanel domin gyara daga nesa, mai masana'anta ya san da shi, a kunna shi lokacin buƙata, a kashe in an gama. Mai son zurfafawa ya nemi ƙa'idojin IEC 62443.

Kammalawa

Duk abin da na lissafa yana iya shiga takarda ɗaya: sunan na'ura, inda take, adireshinta, gudunta, harshenta, gurabenta da ma'anarsu. A haɗa da zanen yadda kebul ya bi, da kwafin shirin PLC da kalmomin sirrinta a hannun mai masana'anta. Ɗan kwangilar da ya gama aiki bai miƙa waɗannan ba, aikinsa da saura, kuma bai kamata a cika masa kuɗinsa ba. Mu ma da muke aikin, ɓoye lamba domin a riƙa nemanmu cin amana ne. Albashin mutane da yawa yana rataye a kan siraran wayoyin nan biyu.

Bayan wata shida na koma waccan masana'antar shinkafa. Mai gyaran ya ja hannuna zuwa fanel ya buɗe. A bayan ƙofar ya manna takarda cikin leda, da rubutun hannunsa: inbata goma sha ɗaya, kowace da lambarta da gudunta. Kowane kebul ya ɗaura masa alama a kai biyu. Ya ce mini, "Injiniya, wata ta sake ƙonewa da azumi. Kafin a sha ruwa na tayar da ita."

Ƙannena ɗalibai, ranar da aka tura ku koyon aiki, ku nemi izini a buɗe muku fanel ɗaya, ku bi kebul ɗaya daga farkonsa har ƙarshensa, ku rubuta abin da kuka gani, ku bar kwafi a wurin. 'Yan'uwana ma'aikata, wanda ya san lamba ya koya wa na ƙasa da shi.

Allah ya sa albarka a sana'armu, ya kare mu daga haɗarin wuta da na inji.